Agogon zafin hayaki da na sa wa Land Cruiser ɗina, ya ci kuɗinsa amma akwai magana

Duk wanda ya ɗaura wa injin 1HZ tobo (na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji), ko ya sa aka murɗa masa famfon injekta don mota ta ƙara ƙarfi, kuma bai sa agogon da ke auna zafin hayaki ba, to gaskiya a makance yake tuƙi. Wannan shi ne ra'ayina a taƙaice, sauran bayani ne kan wanda na saya da aikin da aka yi min a wani gareji a Kurmin Mashi, Kaduna.

Motata tsohuwar Land Cruiser ce mai 1HZ, injin nan mai silinda 6, lita 4.2, irin wanda ke cikin Coaster. Toyota ba ta yi shi da tobo ba, mai tobo daga kamfani shi ne ɗan'uwansa 1HD-T kuma fistin ɗinsa daban ne, an yi shi don ya jure. Mu nan sai mu ɗauko tobo na Belgium mu liƙa, a ƙara mai, mota ta fara tashi kamar ba ita ba, kowa na murna. Abin da ba a faɗa maka shi ne a injin gas, wato dizal, ƙarin mai ƙarin zafi ne, akasin na fetur da yake zafi in mai ya yi masa kaɗan. Baƙin hayaƙin nan da wasu direbobi ke alfahari da shi in sun taka totur, man da bai samu isasshiyar iska ba ne, kuma a daidai lokacin fistin yana gasuwa. Alminiyom yana narkewa a wajen digiri 660, fistin kuma da shi aka yi, abin da ke cetonsa kawai baƙin mai da ruwa suna kwashe zafin. In hayaki ya daɗe sama da 700 sai ka ji top silinda ya tsage ko fistin ya huje.

Wani zai ce ai akwai allurar zafi a dashbod. Waccan ta ruwa ce malam, kafin ta motsa an riga an yi ɓarnar. Shi zafin hayaki cikin daƙiƙu yake hawa ya sauka, kana taka totur kana ganin lamba na gudu.

Agogon da na saya ɗan China ne mai lambobi ja, ba irin su Auto Meter ko VDO ba, waɗancan sai an yi oda kuma da canjin dala na yanzu ba na nan. Kuɗinsa bai kai na cika tanki ɗaya ba. A kwalin akwai agogon, sai allurar ƙarfe mai waya wadda ake cusawa cikin hanyar hayaki (irin da ake rubuta wa K a jiki), sai ɗan noti mai zare. Takardar bayani kuwa sai dai a yi haƙuri, hoto ɗaya ne da rubutun da ba ya karantuwa.

Inda rigima take shi ne wurin da za a sa allurar. Yaron gareji har ya ɗauko dirila zai huda salansa a bayan tobo saboda nan ne da sauƙi, sai ogansu ya daka masa tsawa. Ya ce min, "Alhaji in mun sa a nan ƙarya zai riƙa yi maka, tobo ya riga ya shanye zafin kafin ya iso." Kuma gaskiyarsa ne, bambancin gaban tobo da bayansa yana kai 100 zuwa 200, kuma ba a tsaye yake ba, in mota na jan kaya a hawa sai ya ƙaru, wato daidai lokacin da kake buƙatar gaskiya. Shi ya sa za ka ji wani na cewa iyakarsa 550 wani na cewa 700, su yi ta musu alhali kowa da inda ya sa tasa allurar. Ogan ya kwance manifol ɗin, wato bututun da ke kai hayaki daga inji zuwa tobo, gaba ɗaya ya huda a kan benci ya wanke shi tas, don in ɓarɓashin ƙarfe ya faɗa ciki kai tsaye fankar tobo zai je. Aikin ya ci yini guda, na yi ta ƙorafi a raina, amma a nan kam na ba shi maki cikakke.

Rewaya ne ya so ɓata mana aiki. Wayar ba ta kai dashbod ba, sai ya ce bari ya yanke ya ƙara da wayar rediyo. Kada ku yarda da wannan, wayar allurar ƙarfe biyu ne na musamman, in aka jona ta da jan ƙarfe na gama-gari lambar za ta iya kaucewa. Dole muka canza mata hanya ta bi ta wani rami kusa da sitiyari. Gajartar wayar nan laifin masu agogon ne, kamar don ƙaramar mota suka auna.

To me na gani? A silo wajen 150 take zama. Cikin gari, daga Kawo zuwa Kasuwa a go-slow, ba abin tashin hankali. Hanyar Zariya ba kaya 350 zuwa 450. Amma da na loda buhunan masara daga Saminaka, kuma ran da na hau Jos da kaya, a giya ta biyar ƙafa a ƙasa, lamba ta wuce 750 allurar ruwa ko gezau, ta tsaya a tsakiya abinta. Jos tana sama da mita 1,200, Kaduna wajen 600, iska ta fi sirancewa can sama, famfo kuma bai san wannan ba man da ya saba yake turawa. Abin da ya ba ni mamaki, ina sauka giya ta huɗu injin ya ƙara kuka amma zafi ya faɗi warwas, saboda iska ta ƙaru. Mu da muka tashi da cewa babbar giya ita ce lallaɓa inji, ashe a hawa ita ce ke kashe shi.

Na koma aka rage man kaɗan a famfo, hayaki ya ragu, ƙarfin da na rasa ko a jikina, gas ma ya ɗan ƙara auki. Lokacin hunturu kuma na lura in iyakilina, wato matatar iska, ta cika da ƙura lambar tana ɗagawa a hanya ɗaya da gudu ɗaya, yanzu da agogon nake gane lokacin busa ta ya yi. Sannan in na dawo daga doguwar tafiya ba na kashe mota nan take, sai lamba ta sauko ƙasa da 200, don kada baƙin mai ya ƙone a cikin tobo ya zama gawayi.

Abubuwan da ba su yi min ba: da rana tsaka jan lambobin nan ba sa ganuwa sai ka kare da hannu, da dare kuma su hana ka ganin titi, ba maɓallin rage haske, salatif na manna. Ƙararrawar gargaɗin tana da rauni, ƙarar injin gas na danne ta. Sannan ku duba kafin ku biya, akwai masu lissafin Amurka mai F, a can 1,250 ita ce kusan 680 a namu mai C, wani abokina ya sayi irinsa ya ga 900 a hanyar Abuja ya faka yana salati alhali ko 500 bai kai ba.

Zan sake saya? Eh, amma zan nemi mai allura irin ta agogon bango don ido ya fi saurin kamawa, da doguwar waya. Intakula, mai sanyaya iskar da tobo ke turawa, ita ce ta rage min yanzu, ogan ya ce in an samu mai kyau a Panteka zai kira ni.