Gilashin Canon 50mm f/1.8 STM a aikin dare

Masu hoto da yawa a ƙauyukanmu na Ringim da Ɗambatta sun ga hotunan bikin Takayama na ƙasar Japan, wanda ake yi ranar 14 da 15 ga Afrilu, inda ake fito da kekunan ado da daddare an rataya wa kowanne fitilun takarda kusan ɗari. Tambayar da ake yi ita ce: me ya sa hasken ya fito ja-ja-ja mai ɗumi, namu kuwa na daren Maulidi ko tashe yake fitowa fari fat ko dishi-dishi? Sirrin guda biyu ne: a kashe filasha, a sami gilashin kyamara mai buɗaɗɗiyar ƙofar shigar haske. Wannan gilashin da Canon ta fitar a 2015 hanya ce mai arha.

Ƙaramin gilashin 18-55mm da yake zuwa da kyamara, idan ka ja shi zuwa ƙarshe, ƙofarsa f/5.6 ce (lambar f ita ce ma'aunin ƙofa: ƙaramar lamba, babbar ƙofa). Wannan kuwa f/1.8, wato haske kusan ninki goma yake shiga. A gaban fitilar ƙwai ko wutar mai tsire, a kan kyamarar Canon 600D, f/2 da ISO 1600 (ma'aunin ƙarfin karɓar haske na kyamara) da gudun ɗauka 1/125 na daƙiƙa sun isa a kama fuskar yaro mai tashe ba tare da ta zame ba. Kada a tsaya a f/1.8 cak, gefen hoto yakan yi laushi, f/2.2 ya fi kaifi. A rage hasken da mataki ɗaya, don kyamara tana ganin duhu ta ɗauka ya kamata ta ƙara, sai ta ƙone fitilar ta zama farin tabo. Launi kuma a ɗauka da RAW, wato ɗanyen hoto da ake iya gyara launinsa daga baya, domin fitilun caji masu shuɗin haske suna cakuɗuwa da na kananzir, babu saitin da zai gamsar da su biyun a lokaci guda.

Aibinsa ba ɓoyayye ba ne. Ba shi da abin hana girgiza, idan gudun ya yi ƙasa da 1/80 sai ka jingina da bango ko ka kafa kyamarar a kan ƙafa. A kan 600D yana zama kamar 80mm, ga matsi. A lungu ko zaure ba za ka haɗa mutum biyar a hoto ɗaya ba, sai ka ja baya sosai. A duhu yakan yi ta kai-kawo yana neman kaifi, maganinsa a ɗora ɗigon neman kaifi na tsakiya a gefen fitila. Ba a toshe shi daga ƙura ba, hunturu kuwa ka san halinsa.

Nauyinsa giram 160 ne kawai, gindinsa ƙarfe. Mai sayen na hannu ya haska tocila ta ciki ya duba fumfuna ko hazo, ya kuma tabbatar mai lamba STM ne, wato mai injin neman kaifi marar ƙara sosai, don tsohon mai lamba II gindinsa roba ne, ga ƙara.