Khan Academy ga mai koyar da yara da yawa a gida, ga yadda na ganta

Masu tambayata wace manhaja za su saya tunda sun yanke shawarar koyar da yaransu a gida, ni dai amsata kullum ita ce kafin ki kashe ko sisi ki fara gwada Khan Academy tukunna, kyauta ce kuma babu talla, amma ki sani tun yanzu mataimakiyar malama ce kawai, ba za ta ɗauke miki komai ba. Wani Ba'amurke Salman Khan ne ya kafa ta a 2008, asali ma 'yar uwarsa yake koya wa lissafi daga nesa har abin ya koma bidiyoyi a YouTube, kuma har gobe a lissafin ta fi ƙarfi, tun daga ƙirga har na masu shirin shiga jami'a.

Duk mai yara uku ko huɗu ta san inda gizo ke saƙar, ke ɗaya ce kuma kowa ke yake jira, kina zaune da ƙaramar tana haɗa baƙi babban na can yana kiran Mama zo ki ga wannan, na tsakiya kuma ya sulale ya tafi wasa. To a nan ta min rana. Kina buɗe akawun ɗinki na iyaye sai ki buɗe wa kowane yaro nasa a ƙarƙashi, daga wayarki kina ganin minti nawa ya yi da kuma inda ya cije. Kar ki sa yaro a aji don shekarunsa, akwai gwajin da ke tattaro tambayoyi daga duka darussan ajin, ki bari ya yi shi kaɗai ba ki sa baki ba, nan za ki ga ramukan da ke ƙasa. Nawa na tsakiya yana ninkawa tsaf amma da an zo kan kashi-kashi, rabi da kwata ɗin nan, sai ido ya raina fata, aji guda muka koma baya a wannan ɓangaren kaɗai sauran kuma ya ci gaba abinsa. Wani abin da ya burge ni, in yaro ya danna neman taimako a kan tambaya ba a ƙirga masa ita a matsayin ya ci, don haka wayon danna-danna baya kai shi ko'ina.

Ƙananan kuma manhajarsu daban ce, Khan Academy Kids, ta fito a 2018 don 'yan shekara 2 zuwa 8, da wasu dabbobin katun da waƙe-waƙe. Tana da kyau, sai dai ni bana barin ta wuce ɗan lokaci.

Jadawalin kuwa ni a kan lokacina nake gina shi, don shi ne yake ƙaranci. Zama uku ne suke juyawa, ɗaya yana gabana, ɗaya yana kan kwamfuta, ɗaya yana aikin takarda, bayan minti 20 ƙararrawa ta buga kowa ya matsa gaba. Gajeren darasin nan ba ni na ƙirƙiro ba, tun zamanin wata malama Charlotte Mason ta Ingila ake cewa yaro ƙarami ya fi kama abu in ba a ja masa zaman ba. Lissafi da karatu ne kawai kowa da matakinsa, tarihi da kimiyya a tare muke yi, in karanta musu abu ɗaya, ƙaramar ta zana hoto, na tsakiya ya maimaita min da baki, babban ya rubuta shafi guda. Su waɗannan ma ban ɗaura su a kan Litinin ko Talata ba, jeri na rubuta muke bi, ranar da wani ya tashi da zazzaɓi ko baƙi suka zo gobe sai mu ɗora daga inda muka tsaya, ba wani wai an bar mu a baya.

Abin da ba ta yi kuma a faɗa. Ba ta koyar da rubutun hannu, ba za ta zauna ta saurari yaro yana karatu ta gyara masa ba, kuma yawancin darussan kimiyya da tarihinta na yaran da suka ɗan tasa ne. Asalinta da Turanci take magana, tsarin ajujuwan kuma na Amurka ne, za ki ci karo da inci da dala a tambayoyi. Atisayen yana son intanet, bidiyon ne ake iya saukewa a waya a ajiye. Shi yasa nake cewa a haɗa da littafin takarda, in yaronki mai son ganin abu a zane ne littattafan lissafi na Singapore Math za su fi masa, in kuma mai saurin mantuwa ne na Saxon sun fi maimaici, kaɗan-kaɗan kullum ana komawa kan na baya.

Sannan dan Allah ki bincika dokar ƙasarki kafin ki cire yaro daga makaranta, a Jamus misali an hana, a Amurka kuma kowace jiha da nata sharuɗɗan. In kwamfuta ɗaya ce a gidan kuma ki tabbatar kowa ya fita daga akawun ɗinsa kafin na gaba ya zauna, in ba haka ba za ki ga 'yar shekara bakwai ta gama aljabra a dare ɗaya.