Manhajar IPCC Inventory Software: ta iya lissafi, amma ba ta ƙirga shanu

Tun da aka amince a taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya a Katobice ta ƙasar Poland a 2018 cewa kowace ƙasa za ta bi ƙa'idojin 2006 na IPCC, wato kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar, wajen lissafa iskar da ke ɗumama duniya, wannan manhaja ta zama abin dogaron ƙasashe masu tasowa da dama. Kyauta ce, a kan Windows kawai take aiki, kuma ta raba aikin gida huɗu: makamashi, masana'antu, noma da dazuzzuka, sai shara.

Inda ta fi burgewa shi ne makamashi. Ka zuba adadin man da aka ƙona, ita ta cika sauran da alkaluman IPCC. Gas na manyan motoci, misali, kilo 74,100 na iskar CO2 ne a kowace terajul (ma'aunin makamashi), wato lita miliyan ɗaya tana ba da tan 2,700 ko kusa da haka. Amma a kula, da nauyi ko da terajul aka saba shigar da man. Wanda ya zuba lita kai tsaye bai mayar da ita nauyi ba, jimillarsa ta tashi aiki, kuma kuskuren yakan ɓuya har sai an zo bita.

Kiwo ne wurin ciwon kai, musamman ga Najeriya da Nijar. A matakin lissafi mafi sauƙi manhajar tana ba saniyar Afirka da ba ta tatsa ba kilo 31 na methane (iskar da dabba ke fitarwa wajen narkar da abinci) a shekara, akuya da tunkiya 5, raƙumi 46. Sai a ninka da 28 a samu kwatankwacin CO2. Lissafin ba matsala. To, garken da ya yi damina a Tawa ya yi rani a Sakkwato fa, a kundin wa zai shiga? Wannan sai ma'aikatun ƙasashen biyu sun daidaita, manhaja ba ruwanta. Juji ma haka: tana neman bayanan sharar kusan shekara 50 baya.

Sababbin fitowarta suna fitar da fayil na JSON da ake lodawa a teburan bai-ɗaya na kai rahoto ga Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda aka amince da su a taron Gilasgo a 2021. Sauƙi ne babba, sai dai a bi gurbi-gurbi: inda ba a ƙiyasta ba a sa NE, inda abin babu shi a ƙasar a sa NO, kada a bar shi fayau ko a rubuta sifiri.

Kalmar sirrin babban mai kula da rumbun bayanan manhajar kuwa, a rubuta ta a adana. In ta ɓace, rumbun bayanan ya rufu ke nan.