Baltimo da Finiks: abin da kuɗin harajinmu yake saya

Yaya, gaisuwa mai yawa, da fatan kowa yana lafiya. Ka tambaye ni a waya wanne ya fi daɗin zama, birnin Baltimo da na bari ko birnin Finiks da na komo, duka a nan Amurka, kuma wai harajin nan da nake yawan kuka da shi me yake tsinana mana. Layin ya yi ta yankewa ranar, shi ya sa na zauna in rubuto maka a tsanake.

In kayan kanti ne, babu wani bambancin a zo a gani. Walmart ɗin can shi ne na nan, waya da takalmi da firji duk kanwar ja ce. Bambancin yana wurin abin da ba a ƙunshe maka a leda: ruwan famfo, magudana, inuwa, da iskar da za ka shaƙa bayan faɗuwar rana.

Lokacin da nake tuƙin kai saƙo a Baltimo, akwai wata gada a kan rafin Gwynns Falls da nake yawan bi. Na sha ganin mutane sanye da dogayen takalman roba suna sauka ƙasanta da kwalabe da akwatin sanyi. Na ɗauka masunta ne. Ranar da na tsaya na tambaya, wata ɗaliba ta ce ruwa suke ɗiba su kai ɗakin gwaji, kuma duk mako ake ɗibansa a wurare ɗaya tun 1998, kafin ma a haife ta. Hukumar kimiyya ta Amurka, NSF, ita ta kafa tsarin binciken muhalli na dogon zango a 1980, da farko a dazuzzuka da tafkuna da hamada. A 1997 aka ce birni ma muhalli ne, aka zaɓi birane biyu, Baltimo da Finiks. Ikon Allah, duk biyun sai da na ci arziki a cikinsu.

Da farko abin dariya ya ba ni, a ce mutum ya shekara ashirin yana auna rafi ɗaya. Gishiri ne ya sauya mini tunani. In ƙanƙara ta sauka a Baltimo, kafin gari ya waye motoci sun bi manyan tituna sun watsa gishiri, ka fito ka tarar da hanya fes. Hidima ce da na yaba ƙwarai, don da ita nake neman abinci. To amma kwalaben nan sun nuna gishirin rafuka yana hawa shekara bayan shekara, har da bazara ba ya komawa yadda yake, saboda ya nutse cikin ƙasa yana tsatsowa a hankali. Wanda ya auna shekara ɗaya ya tafi ba zai taɓa ganin haka ba. Haka kuma suka gano ɓurɓushin magunguna a ruwan, har da ƙwayar amfetamin mai hana barci, alamar cewa tsofaffin bututun bahaya suna yoyo. Tun 2002 birnin ya sa hannu a yarjejeniya da gwamnatin tarayya cewa zai gyara su, kuma kuɗin gyaran a takardar ruwanmu yake fitowa. Duk wannan ruwa Kogin Patapsco yake gangarawa, daga nan ya faɗa mashigin tekun Chesapeake.

Ruwan shan kansa, gaskiya na Baltimo ya fi. Daga madatsun Loch Raven da Prettyboy da Liberty yake zuwa, ba shi da nauyi a baki. Na Finiks kuwa, wata guda butar shayina ta yi farin dutse a ciki.

Akwai wani abu a bakin rafin Jones Falls da yara suke so, Mr. Trash Wheel. Wata ƙatuwar na'ura ce mai juyawa da ƙarfin ruwa da hasken rana, an manna mata manyan idanu, tun 2014 tana tsamo shara kafin ta shiga tashar jiragen ruwa. Har guntayen sigari ana lissafawa. Mutanen nan akwai son ƙirga.

Maganar bishiya ita ce ta fi tsaya mini a rai. A 2012 masu binciken Baltimo suka fitar da cewa inda rufin bishiyoyi ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, laifuffuka sun yi ƙasa da kusan kashi 12. Ni dai ban yarda bishiya tana kama ɓarawo ba. Amma na kai saƙo lungu da saƙo, na kuma gani da idona: layin da aka shuka bishiya ana kula da ita, mutane suna zama a ƙofar gida, ido yana kan titi. Birnin ya sa wa kansa burin kai rufin bishiyoyi kashi 40. Sai dai in ka ɗauki taswirar da aka zana a shekarun 1930, wadda aka shafa wa unguwannin baƙar fata jan launi don a hana su bashin gida, ka ɗora ta kan taswirar zafi ta yau, sai ka ga sun kusa zama ɗaya. Wani bincike a birane 108 na Amurka ya samu waɗannan unguwanni sun fi sauran zafi da kimanin digiri 2.6 a ma'aunin Salshiyas. Waɗanda suka ja layin sun daɗe a ƙasa, zafin yana nan.

Yanzu Finiks. Yaya, ka san ni ba rago ba ne a wajen rana, amma wannan ta daban ce. A 2023 an yi kwana 31 a jere kullum zafin rana yana kaiwa digiri 43 ko fiye, kuma akwai daren da mafi sanyinsa digiri 36 ne. Kwalta da siminti suna haɗiye zafin yini su yi ta amayar da shi har asuba. A gundumar Maricopa, wadda Finiks take ciki, mutum 645 zafi ya yi sanadinsu a shekarar. Na'urar sanyaya ɗakina ta taɓa mutuwa a watan Yuli, mai gidan ya yi ta ja mini rai kwana uku, ni kuwa ɗakin karatu na unguwa na mayar gida, don an ware shi wurin shan sanyi kyauta. Kuɗin wuta da bazara ba a magana.

Jami'ar Jihar Arizona, jihar da Finiks take ciki, ita ke riƙe da binciken dogon zangon na wannan birni, Nancy Grimm da Charles Redman suka faro shi. Tun 2000, kusan duk shekara biyar sukan koma wurare kusan 200 a faɗin birnin da kewayensa, su ƙirga tsirrai, su ɗebi ƙasa, su duba ƙwari. Wasu wuraren tsakiyar hamada ne, wasu farfajiyar gidan mutum, wasu wurin ajiye motoci. A 2003 suka bayyana cewa yawan nau'in tsirrai a unguwa yana bin kaurin aljihun mazaunanta. Na tabbatar da haka a sitiyari. In na shiga arewacin Scottsdale, garin masu hali da ke gefen Finiks, inuwa ce ke karɓata. In na gangara kudancin Finiks, sai in ga tsohuwa ta laɓe a siririyar inuwar turken wuta tana jiran bas, tana matsawa kaɗan-kaɗan yadda inuwar ke matsawa. A nan inuwa kaya ce kamar kowane kaya, mai kuɗi ya fi samu.

A 2021 birnin ya buɗe ofishi na musamman don zafi kaɗai, aka ɗauko David Hondula daga jami'ar aka ba shi. Tun 2020 kuma suke shafa wa wasu tituna wani fenti mai ruwan toka. Layinmu yana ciki. Da masu bincike suka auna, fuskar titin ta yi ƙasa da kusan digiri 6 da tsakar rana, amma mai tafiya a ƙasa ya fi jin zafi, don hasken jikinsa yake dawowa. Akwai wani ɗan keke da Ariane Middel ta ƙera, MaRTy, mai auna zafi yadda fatar mutum ke jinsa, shi ake turawa a titi. Abin da ya burge ni, birnin bai ɓoye sakamakon ba. Ni dai da za a ba ni zaɓi tsakanin fentin da bishiya guda, bishiyar zan ɗauka.

Ruwa kuma, garin da ruwan samansa bai cika kai milimita 200 a shekara ba, famfo bai taɓa ɗauke mini ba. Wani daga kogunan Salt da Verde yake zuwa, wani daga Kogin Kolorado ta wata doguwar magudana mai kusan kilomita 540. Ruwan da muka yi wanka da shi ma ba ya tafiya a banza, ana tace shi a tura tashar nukiliya ta Palo Verde ta sanyaya injinanta. Sai dai Kolorado yana ja da baya, an riga an rage wa Arizona kasonta, manoma suka fara ji a jikinsu.

Hayata za ta ƙare ƙarshen watan gobe. Na duba ɗaki biyu: ɗaya ya fi araha amma tagarsa yamma take kallo, babu ko ganye a gabanta. Ɗayan akwai wata tsohuwar bishiyar mesquite a ƙofarsa, kuma mai gidan ya san abin da yake da shi, ya ɗora a kan kuɗin. Jibi zan koma mu ƙarasa ciniki. Ka gaishe mini da Inna, ka ce mata in Allah ya yarda zan kira ranar Juma'a.