Wane ice ya dace da babban gicciye ko bagadin majami'a?

Idan kwamitin gini ya tara baiko don a sassaƙa babban gicciye, ko bagadi, ko ƙyauren majami'a, ni dai maɗaci nake cewa a saya. Ja ne tun daga cikinsa, yana ƙara duhu da shekaru, ɗan mai kawai yake so ba fenti ba. Yana kuma karɓar sassaƙa: masassaƙi zai fitar da ganyen inabi ko yatsun hannu ba tare da gefen ya ɓare ba. Aibinsa shi ne zarensa a murɗe yake, sai mai kaifin kayan aiki da haƙuri, kuma manyan kututture sun fara wuya.

Loko, wanda 'yan kudu ke kira iroko, gara ba ta cika cinsa ba, ya fi dacewa da ƙofar waje, amma yana dakushe ƙarfe. Obeche, farin icen nan marar nauyi, abincin ƙwari ne. Malaina a bar wa benci. Kirya ta turmi ce. Madobiya kuwa an kwashe ta zuwa China har yarjejeniyar CITES, mai kare dabbobi da itatuwan duniya daga ƙarewa, ta sa ido kan cinikinta a 2017.

Inda kuɗin ikilisiya ke salwanta shi ne wurin 'yan katako. Mu an sayar mana da ɗanyen ice da damina, aka sassaƙa gicciye aka kafa, hunturu na shigowa ya tsage daga sama, yatsa na shiga. Masu aikin kan ba kowane inci na kauri kusan shekara guda kafin ya bushe, don haka wanda ya ce kututturen da aka sare bara ya bushe ƙayau, ku bar masa kayansa. Wasu kuma malaina suke shafa wa jan kala su ce maɗaci ne. Ku sa a kankare gefe a gabanku. In fari ya leƙo, ku tafi. Ku duba kan kututturen, nan ake cusa garin katako da gam a tsagu, a goge. Farin gefen da ke ƙarƙashin ɓawo ma a sa a cire shi, ko a maɗacin gaske ne, don nan ƙwari ke fara shiga.

Kuɗin masassaƙi a raba uku, kashin ƙarshe sai aikin ya ga hunturu ɗaya a cikin majami'a.