Snap Circuits Jr.: akwatin koyar da lantarki mai kyau, amma a saya masa mita

Malamin da ya taɓa zana batir da ƙwan fitila a allo ya san inda gizo ke saƙa: yara za su kwafe zanen tsaf, amma ka miƙa musu waya biyu da batir, sai a tsaya kallon-kallo. Wannan giɓin ne akwatin Snap Circuits Jr., samfurin SC-100 na kamfanin Elenco da ke Amurka, yake ƙoƙarin cikewa. An yi shi ne don 'yan shekara 8 zuwa sama, yana da kaya sama da 30, da littafi mai gwaje-gwaje 101, kuma batir biyu ƙanana masu lamba AA yake ci, wato bolt 3 ke nan gaba ɗaya.

Babu dalma, babu murɗa waya, babu sukudireba. Kowane abu an ɗora shi a kan roba mai maɓallan ƙarfe irin na rigar jarirai, ana danna shi a kan faranti sai ka ji ƙas. Farantin yana da layuka masu haruffa da lambobi, don haka malami zai iya cewa "sa makunni daga C2 zuwa C4" kowa ya gane. Wayoyin shuɗaye ne masu tsawo daban-daban, makunnan kuma koraye. Akwai ƙwan fitila ɗaya, da jan LED (ɗan ƙaramin ƙwan haske irin na jikin caja), da ƙaramin moto mai fanka, da sifika, da rizisto (abin da ke rage yawan wutar da ke wucewa, ana auna turjiyarsa da om) mai om 100, da makunni biyu (na turawa da na dannawa), da abin da ke jin haske, da wasu akwatuna uku masu fitar da kiɗa da jiniya da ƙarar wasan yaƙi. A kula da ƙananan lambobi 1, 2, 3 da ke gefen kowane abu a zanen littafin. Hawa suke nunawa: a fara da na ƙasa, sannan na biyu a kansa. Yawancin "Malam, namu ya ƙi yi" daga tsallake wannan yake fitowa, ko daga maɓallin da bai shiga sosai ba.

Inda akwatin ya ci kuɗinsa shi ne gwaji na 5 da na 6, ƙwan fitila da fanka a jere, sannan kowanne a reshensa. A jere, hanya ɗaya wuta ke bi, su biyun suna raba bolt 3, fankar na juyawa a sanyaye. Yanzu a cire fiffiken fankar: moton zai ruga da gudu, ƙwan kuma ya dushe. A kashe, a riƙe kan moton da yatsa, a sake kunnawa na daƙiƙa biyu ko uku kawai, sai ƙwan ya yi haske tar. Dalili kuwa, moto mai juyawa yana haifar da nasa ƙarfin lantarki da ke turo na batir baya, idan ya tsaya wannan turjiya ta tafi, wuta ta kwararo. Yaron da ya ga wannan ya fahimci abin da ya sa fankar da ta cije take ɗaukar zafi har ta ƙone. A haɗin reshe kuwa, ko an kwance ƙwan, fanka ba ruwanta, kamar dai yadda kashe fitilar ɗaki ba ya kashe firij.

Gwaji na 9 ma yana da daɗi. Ana barin giɓi a hanyar wuta, yara su cike shi da abin da suka samo: ƙusa, cokali, makulli, tsinken tsintsiya, guntun silifa. A sa su fara faɗin hasashensu kafin su gwada. Bakin fensir shi ke kayar da su, domin ba ƙarfe ba ne amma wuta na bi ta cikinsa. LED kuma gefe ɗaya kawai yake karɓar wuta, in an juya alamar + sai ya yi shiru, ba lalacewa ya yi ba.

Na 11 shi ne abin rububi: a juya wa moto fuska, a bari fanka ta yi gudu, a kashe, sai fiffiken ya tashi sama. Kada kowa ya leƙa da fuskarsa a kai, kuma a kashe fankar silin. Fiffiken nan shi ne abin da ya fi saurin ɓata a aji.

To, ga naƙasun. Babu na'urar awo a ciki ko ɗaya. Yaro zai ga haske ya ƙaru ko ya ragu, amma ba zai iya cewa da nawa ba, alhali ɗalibin da zai zauna aikin gwaji na Fiziks a WAEC ko NECO karatun mita da zana jadawali ake nema a wurinsa. Maganin mai sauƙi ne: a sayi ƙaramar mita ta masu gyaran rediyo, irin DT830, ɗaya ga kowane akwati. A fara auna batir. Sababbi biyu kan ba da bolt 3.1 zuwa 3.2, ba 3 cif ba, wannan kansa darasi ne. A haɗa batir da makunni da rizisto mai om 100, a buɗe hanyar a wuri ɗaya, a sa mita a giɓin tana kan miliamfiya 200. Lissafi ya ce bolt 3 a raba da om 100, amfiya 0.03 ke nan (amfiya ma'aunin yawan wutar da ke gudana ne), wato miliamfiya 30, mita za ta nuna kusa da haka. A ƙara jan LED a jere, shi zai cinye wajen bolt 2, sai awon ya faɗo zuwa wajen 10. Kuskuren da ake yawan yi: ɗora bakin mita kai tsaye a kan batir alhali tana kan awon amfiya. Fis ɗinta zai tafi nan take. Ƙwan fitila da moto kuma suna iya jan fiye da 200, don haka a mayar da jar wayar mita ramin da aka rubuta 10A kafin a auna su.

Na biyu, ƙwan fitila ɗaya ne tak. Gwajin da kowane littafin kimiyya ke so, ƙwai biyu iri ɗaya a jere da a reshe, ba zai yiwu ba sai an aro daga wani akwatin. Na uku, da yawa daga cikin 101 ɗin nan sauye-sauyen ƙara ne daga akwatunan kiɗa da jiniya. A rufe suke, yaro ba ya ganin abin da ke ciki, ajin ya kaure da hayaniya ba tare da an ƙaru ba. A ganinmu gwaji goma sha biyu na farko sun fi sauran amfani ga malami nesa ba kusa ba. Littafin da Turanci yake, sai malami ya yi nasa bayanin.

Batun batir kuma, araha ba ta ado. Masu arhar nan na rediyo suna saurin sanyi idan moto ya ja su, fiffike ya ƙi tashi, kuma sukan yi yoyo su cinye ƙarfen mazaunin. A sa batir irin wanda aka rubuta "alkaline" a jikinsa, a cire su bayan darasi. Masu caji bolt 1.2 ne kowanne, jimilla 2.4, haske zai ragu, lissafin ya koma miliamfiya 24. Idan batir ya yi ɗumi, an haɗa + da − da waya zalla ne ba tare da ƙwai ko rizisto a tsakani ba, a cire nan da nan a bi hanyar da yatsa. Kuma a faɗa da babbar murya tun ranar farko: babu abin da ke cikin akwatin nan da zai kusanci soket na bango, can bolt 230 ne.

Akwati ɗaya ya ishi yara uku, huɗu in an matsa, fiye da haka ɗaya ke aiki sauran na kallo. Ajin mutum 60 zai buƙaci 15, kuma kayan waje ne, da dala ake sayo shi. Makarantar da ba ta da wannan ƙarfin ta sayi biyu ko uku a riƙa zagayawa rukuni-rukuni, sauran teburan a ba su mazaunin batir da ƙwan tocila da waya mai bakin kada daga shagon kayan lantarki. A ƙirga kayan kafin a tashi, kowanne yana da gurbinsa a cikin kwalin, gurbin da ya rage wayam shi zai nuna abin da ya shige aljihu.