Batir da Injin Jirgin Rimot: Me Sabon Shiga Zai Saya?

Kafin ka sayi komai, ka fara sanin nauyin jirginka. Yawancin masu shiga harkar ƙananan jiragen sama na rimot ta baya suke faro abin: su ga inji mai manyan lambobi a jikin kwali, su ga batir mai kauri, su ce ai wannan zai yi ƙarfi, sai bayan kaya sun iso a fara tunanin ko jirgin zai iya ɗaukarsu. Alhali nauyin jirgin, da batir da komai a cikinsa, shi ke faɗa maka yawan wutar da kake bukata.

Akwai ƙiyasin da masu wannan harka suka daɗe suna aiki da shi. Jirgin koyo, irin mai fiffike a sama da ke tafiya a natse, yana son wat 150 zuwa 200 a kan kowane kilo na nauyinsa. Mai wasan juyi da alkafura yana son 220 zuwa sama. Masu tsayar da jirgi cak a iska, hanci sama, su ne ke neman fiye da 300, kuma wannan ba layinka ba ne tukuna. Shi wat ɗin ba wani abu ba ne mai wuya: ka ninka ƙarfin wutar batir da yawan wutar da injin ke ja. Batir mai 11.1V, inji yana jan 14A, ka sami wat kusan 155. Ke nan ya wadatar da jirgi mai giram 800 zuwa kilo ɗaya, wanda a nan yawancin jiragen koyo suke.

A ɓangaren batir, iri huɗu za ka riƙa cin karo da su, amma gaskiya biyu daga ciki ba su cancanci dogon bayani ba. NiMH tsohon hannu ne, kowane sel, wato ƙwaya ɗaya cikin ƙwayoyin da ake haɗawa su zama batir, 1.2V, yana da haƙuri da rashin kulawa, sai dai nauyinsa ya yi wa jirgi yawa idan aka kwatanta da wutar da yake bayarwa. Ka bar shi a cikin rimot. LiFe ma haka, ya fi LiPo da Li-ion wuyar kamawa da wuta, amma an fi sa shi a rimot da risiba, wato na'urar cikin jirgi da ke karɓar umarnin rimot. Zaɓin gaske yana tsakanin LiPo da Li-ion.

Li-ion su ne masu siffar gwangwani, irin 18650, wato faɗin milimita 18 da tsawon 65. A nauyi iri ɗaya sun fi LiPo ajiye wuta, shi ya sa masu son jirgi ya daɗe a sama yana shawagi suke ƙaunarsu. Matsalarsu rowa: ba sa sakin wuta da yawa a lokaci guda. Ranar da ka zo sauka ka ga za ka wuce fili, ka danna wuta gaba ɗaya don ka sake hawa, lokacin ne ƙarfinsu zai faɗi, jirgin ya yi maka nawa. Mai koyo kuwa kullum cikin irin wannan ceto yake. Don haka LiPo za ka saya, ba sai an ja zance ba.

To, LiPo ɗin ma wanne? Lambobi uku ne a jikinsa. Na farko yawan sel, wanda ake rubutawa da harafin S. Kowane sel 3.7V ne a rubuce, idan ya cika kuma 4.2V. Saboda haka 2S shi ne 7.4V, 3S 11.1V, 4S kuma 14.8V. Ƙaramin jirgi mai giram 300 ko 400 zai ji daɗin 2S. Wanda ya doshi kilo ɗaya, 3S. Shi 4S zan dawo kansa, domin ina da tabonsa.

Na biyu shi ne yawan wutar da yake ɗauka, mAh, kuma a nan ne kwaɗayi ke shiga. Kowa yana son jirginsa ya daɗe a sama, sai hannu ya miƙa wajen mafi girma. Amma 3S mai 1300mAh nauyinsa bai fi giram 120 ba, mai 2200 yana tsakanin 170 da 200, mai 4000 kuwa ya kai 300 ko ya wuce. Kowane giram da ka ƙara, fiffiken ne zai ɗauka, kuma jirgi mai nauyi dole ya ƙara gudu kafin ya tsaya a iska. Ka ga an gudu ba a tsira ba: ka sami ƙarin mintuna, amma ka rasa tafiyar nan ta sannu da ke ba ka damar yin tunani kafin ka motsa yatsa. Sauka ma sai ta koma da gudu, kuma faɗuwar jirgi mai nauyi ta fi ɓarna. Ban da wannan, batir shi ne abu mafi nauyi a cikin jirgin, da shi ake daidaita ma'auninsa. Ka ɗora jirgin a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, a daidai wurin da masu ƙera shi suka nuna, galibi kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku daga bakin fiffiken na gaba. Idan batirin ya yi girman da ba ya matsawa gaba ko baya a cikin ɗakinsa, ba ka da yadda za ka gyara ma'aunin. Ka auna ɗakin da rula kafin ka yi oda.

Lissafin lokaci kuma mai sauƙi ne. Ba a shanye LiPo tas, kashi 80 cikin 100 ake amfani da shi. A 2200mAh ke nan kana da 1760. Idan jirgin yana jan matsakaicin 8A a yawo na yau da kullum, za ka sami minti 13 ko kusa da haka. Wanda bai taɓa riƙe rimot ba zai ce ya yi kaɗan. Ka bari sai ka yi minti shida idonka a sama, wuyanka ya ƙage, tafin hannunka yana gumi, za ka ji kai ma kana son sauka. A ganina batir matsakaici guda biyu ko uku sun fi babba guda ɗaya amfani nesa ba kusa ba, ko don ka yawaita tashi da sauka, wanda shi ne ainihin karatun.

Na uku lambar C, wadda ke nuna yawan wutar da batirin zai iya saki. Ka ninka ta da girman batirin: 2200mAh, wato 2.2Ah, mai 25C zai ba da 55A a rubuce. Jirgin da ba ya jan fiye da 15A me zai yi da 100C? Ba komai, sai ƙarin nauyi da ƙarin kashe kuɗi. Kuma kada ka ɗauki lambar nan kamar an yi maka rantsuwa, masu sayarwa da dama suna zuzuta ta. Ka nemi 25C zuwa 35C daga kamfanin da masu tashi da jirgi suka yarda da shi, ka wuce wurin.

Ranar da batirin ya iso, ka kwantar da shi a kan tebur ka danna da babban yatsa. Ya kamata ka ji shi da tauri, gefunansa a miƙe. Sannan ka soka farar wayarsa a 'yar na'urar gwaji ka karanta sel ɗaya bayan ɗaya. Idan ka ga wani abu kamar 3.81, 3.82, 3.80, lafiya lau. Idan ɗaya ya nuna 3.4 sauran suna 3.8, ko ka ji cikinsa ya yi taushi ya kumbura, ka mayar. Ka duba bakin fuloginsa ma, ko XT60 ne, ko XT30, ko wani daban, ya zama iri ɗaya da na jirgin, in ba haka ba sai ka zauna aikin dalma tun ba ka tashi ba.

Sai inji. Masu buroshi, wato 'yan gutsattsarin da ke gogar sashen da ke juyawa suna ba shi wuta, waɗanda ke da waya biyu, yanzu galibi a 'yan mitsitsin jirage na cikin ɗaki suka rage, kuma a can suna aikinsu daidai. Buroshin yana cinyewa, ƙarfi yana raguwa, wata rana a canza. Duk jirgin da ya wuce tafin hannu, marar buroshi mai waya uku za ka nema. Su ma kashi biyu ne. Akwai wanda sandar ciki ce kaɗai ke juyawa, mai tsananin gudu, wanda ya dace da jirage masu fanka a cikin bututu. Akwai kuma wanda gwangwaninsa na waje ke juyawa tare da mayen ƙarfen da ke manne a cikinsa, za ka ga an rubuta masa outrunner. Wannan ya fi ƙarfin murɗa babbar farfela kai tsaye, shi ne naka.

Lambobin sunansa suna rikita mutane, kuma ba laifin mutanen ba ne. Idan ka ga 2212, ana nufin curin koyil ɗin da ke ciki, wato inda aka naɗa waya, yana da faɗin milimita 22 da tsayin 12. Wasu kamfanonin kuma gwangwanin waje suke aunawa, sai inji kusan iri ɗaya ya fito da suna 2830 ko makamancinsa, ka zaci ya fi girma. Hanyar kauce wa ruɗanin ita ce duba nauyi. Ƙiyasin da aka saba shi ne wat uku a kan kowane giram na injin, don haka mai giram 50 zai riƙe wat 150 ba tare da ya wahala ba.

Lambar da ta fi kowace yaudarar sabon shiga ita ce KV. Ba ƙarfi take nunawa ba, ko kusa. Tana faɗin sau nawa injin zai juya a minti ɗaya a kan kowane 1V, ba tare da farfela ba. Mai 1000KV a kan 3S zai yi juyi kusan 11,100, mai 1400KV kusan 15,500, mai 2200KV ya haura 24,000. Gangar jikin ɗaya ce, naɗin wayar ciki ne ya bambanta. Mai ƙaramin KV yana juya babbar farfela a hankali, yana tura iska mai yawa, jirgi ya tashi cikin 'yan taku ya kuma hau ba gardama. Mai babban KV yana juya ƙaramar farfela da ihu, ya ba ka gudu. Shi ya sa za ka ga an haɗa 1000KV da farfela 10x4.7, 1400KV da 8x4, 2200KV kuma da 6x4. Lambar farko faɗin farfelar ne da inci, ta biyu kuma nisan da za ta ci gaba a juyi ɗaya. Idan farfelar a hanci take kuma akwai wuri, ka ɗauki 1000KV. Idan irin jirgin nan ne da injin ke bayan fiffike yana turawa, wanda ina yaba wa mai koyo shi domin in ya dungura da hanci injin na tsira, to wurin farfela ƙarami ne, dole ka koma ga KV mai yawa.

Abin da ba a cika gaya wa mutum ba shi ne, farfela ce ke yanke yawan wutar da za a ja, ba batir ba. Inji ba ya cewa na gaji. Duk abin da ka ɗaura masa zai yi ta ƙoƙarin juyawa har ya ƙone. Ƙarin inci ɗaya a faɗin farfela yana ɗaga wutar fiye da yadda ido zai zata. Ƙarin sel ɗaya kuma ya fi haka muni. Ni na taɓa sa 4S a jirgin da aka shirya wa 3S, ban rage farfela ba, ina cewa ai kashi ɗaya cikin uku kawai na ƙara. Gudun juyi ne ya ƙaru da haka, amma wutar da farfela ke nema tana hawa ne da gudun a ninke sau uku a kansa, wato sai ta kusan ruɓanya ko ta wuce. Jirgin ya hau sama kamar an harba shi, na ji daɗi na kusan minti ɗaya, sai sautin ya sauya, sai shiru. Allah ya taimake ni jela da fiffike suna amsawa, na lallaɓo shi ƙasa. Da na isa, warin ƙonanniyar roba ne ya fara tarbata. Koyil ɗin da na sani ja mai ƙyalli ya koma baƙi, gwangwanin ba ya taɓuwa don zafi.

Tsakanin batir da inji akwai na'urar daidaita gudu, ESC, kuma a nan ba a yin ƙwauro. Ka ɗauki wadda ta fi abin da injin zai ja da aƙalla kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Ga injin da ke jan 15A, mai 20A za ta yi, amma mai 30A ta fi kwanciyar hankali, bambancin nauyinsu 'yan giram ne. Ka tabbata ta jirgin sama ce mai BEC a ciki, domin shi ne ke rage wutar zuwa 5V ya ba risiba da ƙananan injinan da ke motsa jela da fiffike. Yawancin na jirage marasa matuƙi masu farfela huɗu ba su da shi. In ka sami mai SBEC ya fi, ba ya zafi kamar ɗayan, wanda ke ƙona rarar wutar ya mai da ita zafi. Kuma idan ka haɗa ka ga injin yana juyawa baya, kada ka ce an sayar maka da lalatacce, ka musanya kowace biyu cikin wayoyin ukun.

Caja ba kayan da za a bari sai daga baya ba ce. Ka sayi mai daidaita sel ɗaya bayan ɗaya, wadda kuma ke iya kai batir matakin ajiya, wato kusan 3.8V a kowane sel. LiPo ba ya son a ajiye shi a cike na kwanaki, ba ya son a shanye shi ƙasa da 3.0V, kuma idan aka huda shi ko aka wuce da cajinsa yana kamawa da wuta mai wuyar kashewa. Ka yi cajin 2200mAh a kan 2.2A, a cikin jakar da ba ta cin wuta ko a kan siminti, kana kusa, ba kana barci ba. In da sauran hali, ka ƙara da na'urar auna wat. Ka jona ta tsakanin batir da ESC, wani ya riƙe maka jirgin ta baya nesa da farfela, ka ba da wuta gaba ɗaya na daƙiƙa goma ka karanta. Idan lambar ta wuce abin da aka rubuta wa injin, ka rage farfela da inci ɗaya ka sake gwadawa.

A tashin farko ka saita agogo minti biyar, ka sauka ko da jirgin bai nuna gajiya ba. Ka taɓa injin: in za ka iya barin yatsanka a kai na 'yan daƙiƙu, haɗin ya yi. Sannan ka auna batirin bayan ya ɗan huta. Idan sel suna sama da 3.8V, ka ƙara minti ɗaya a tashi na gaba, haka har ka riƙa sauka suna wajen 3.7V.